Taku Bakwai Daga Ginshiƙi

Tun da gwamnati ta taso daga Legas ofis ya yi wuya a Abuja, har tsohon gidan injin da ya ba magina garin wuta aka yanka ɗaki-ɗaki aka zuba mana tebura. A nan nake zaune ina kallon wani dattijo da ya shigo da jar ƙasar unguwar Karmo a takalmansa.

Gajere ne, kakinsa ya koɗe, yana magana da ƙarfi irin na wanda ƙarar inji ta kashe wa kunne. A bakin ƙofa ya sunkuyar da kai alhali babu komai a sama. Ina jin a da akwai bututu a wurin. Daga ginshiƙin tsakiya ya ƙirga taku bakwai, ya tsaya daidai teburin Alice, mai buga mana takardu.

"Oga," ya ce wa injiniyan da ke kula da ginin, wanda ya biyo bayansa, "sunana Yamusa. Akwai tankin mai a ƙasan nan. Mu muka binne shi, ba ya cikin takarda, kuma da mai muka bar shi."

"Mun gano shi, Baba. Mun zuƙe man, mun cika shi da yashi."

Ya zauna a hankali, ya cire hula. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da abin nan ya yi yana cinsa. Alice, wadda kullum take kunna risho a gindin teburin nan, ta miƙa masa ruwa da hannu biyu.