Ranar da Kawu ya ɗaga riga a tsakiyar teku

Shekaru kan goge abubuwa da yawa daga zuciyar mutum, amma ranar da bakin bindigar sojojin ruwa ya juyo kanmu a tekun Doha, ba na jin za ta taɓa goguwa a tawa.

A lokacin ban daɗe da zuwa Katar ba. Ina aikin injiniya a wani kamfani, ina zaune a unguwar Bin Omran. Ni mutum ne mai yawan fargaba, ko gayyatar cin abinci aka yi mini sai na yi ta juya ta a raina. Wanda ya ja ni zuwa teku wani dattijo ne direba, mutumin Yobe, mazaunin unguwar Mu'aither. Ba mu haɗa jini ba, amma Kawu nake ce masa. Wata Asabar ya ce wani abokinsa ɗan Indiya yana da ƙaramin jirgin kamun kifi.

"Injiniya, kai kullum daga ofis sai ɗaki kamar mai takaba. Yalla, zo ka ga ruwan Allah."

Na ce ina ganin babu laifi, in dai za a ba mu rigar hana nutsewa. Aka ba mu, masu kauri, da maɗaurai a ƙirji.

Da hantsi, bayan dogayen benayen Doha sun ƙanƙance a bayanmu, injin ya yi tari ya mutu. Mai jirgin ya ja igiya har ya gaji. Da farko Kawu dariya yake yi, yana cewa ga injiniya a jirgi amma inji ya fi ƙarfinsa. Sai na lura ruwa yana janmu a hankali zuwa wasu manyan alamomi masu ruwan ɗorawa da ke lilo a kan teku. Fuskar mai jirgin ta canza. Ya ce bayan alamomin nan wurin sojoji ne, ba a shiga. Ban san takamaimai abin da ake tsaro a wurin ba, kuma har yau ban tambaya ba.

Mun wuce alamomin ke nan sai ga wani jirgi mai launin toka ya taho yana keta ruwa. A gabansa akwai babbar bindiga, da soja tsaye a bayanta. Aka yi magana ta lasifika da Larabci, aka maimaita da Turanci: kowa ya zauna, ya ɗora hannu a kai, kada ya motsa. Ni da mai jirgin muka bi umarni. Kawu kuwa Larabcinsa na kasuwa ne, ga ƙarar injin jirgin sojojin. Sai kawai ya miƙe tsaye, ya kai hannu ƙirji, ya fara kwance maɗauran rigar.

Nan take na gane abin da yake yi. A shekarun tashin hankali a yankinsu, in ka iso shingen sojoji, tun daga nesa kake ɗaga riga ka nuna cikinka, don su ga ba ka ɗaura bam ba. Ladabi yake yi musu irin wanda ya sani. Su kuwa abin da suke gani shi ne mutum a haramtaccen wuri, ya ƙi zama, yana taɓa wata riga mai kauri a ƙirjinsa.

Bindigar ta juyo. Lasifikar ta koma tsawa. Na so in fizgo shi, amma na ji tsoron motsina ya zama shi ne sanadi. Sai na yi masa magana daga inda nake zaune.

"Kawu, don girman Allah, cire hannunka daga rigar nan."

"Bari in nuna musu, yaro, su ga ba komai."

"Kawu, nan ba gida ba ne! Gani suke bam za ka tayar. Saki, ka zauna a hankali!"

Ya tsaya cak, hannu a ƙirji. Wallahi ban san tsawon lokacin ba. Sannan yatsunsa suka saki maɗaurin, ya sulale ya zauna, ya ɗora hannu a kai yana salati.

Suka matso, suka bincike jirgin, suka karɓi katunanmu na zama. Shugabansu bai yanke komai da kansa ba, sai da ya yi magana da na sama da shi ta rediyo. Sannan suka ɗaure jirginmu suka ja mu zuwa gaɓa, inda aka yi mana tambayoyi. Na bayyana wa hafsan da ke mana tambayoyin dalilin ɗaga rigar, ina tsoron kada ya ɗauka ƙarya ce. Ya daɗe yana kallon Kawu, sannan ya ce aikinsu shi ne su ɗauki kowane jirgi a matsayin haɗari har sai sun ga akasin haka. Ya miƙa masa ruwa, ya ce, "Khalas, ya Hajji," wato shi ke nan, Alhaji.

A mota, da muka kusa gida, Kawu ya ce, "Ka ga duniya, Injiniya. A can in ban ɗaga riga ba, harbi. A nan in na ɗaga, harbi."

Tun daga ranar na koyi cewa abin da ya tsirar da kai a garinku yana iya halaka ka a garin wasu. Duk inda na shiga yanzu, kafin in nuna ladabina, sai na tambaya yadda mutanen wurin suke gane shi.