Tumbina da Bakin Rumbun Kakata

Shekarun baya, tun ana kashe sule da sisi, na taɓa yin wata guda cur ina ƙaurace wa tuffa don in rage ƙiba, alhali ko a mafarki ban taɓa ganin tuffa ba. Wautar tawa ce ni kaɗai, ban raba ta da kowa ba. Amma ku bari in faro daga tushe, kada ku yanke mini hukunci ban kare kaina ba.

Ina ɗan shekara goma sha biyar a lokacin, a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. A hannun kakata ta wajen uba na tashi. Tana da sashenta a ƙarshen gida, da murhunta, da 'yar gonarta, da rumbunta na ƙasa, irin mai baki ɗaya a sama da ake rufewa da 'yar jinka. Idan gero ya yi ƙasa hannu ba ya kaiwa, sai an kafa tsani mutum ya zura ƙafafu ya dira ciki, ya riƙa miƙo zangarniya. Tun ina ɗan shekara tara ni kaɗai nake wannan aiki. Ni da kowa ya san bakina ba ya rufuwa, a kan wannan abu ɗaya na iya shiru. In na sauko ba na cewa uffan, sai in taɓa inda geron ya kawo mini a jiki: ƙirji, ƙugu ko gwiwa. Ita kaɗai ta san fassarar.

Ɓoyon yana da dalili. Baffana, yayan mahaifina, shi ne babba a gidan, kuma ya daɗe yana cewa tsohuwa ta wuce girki, a kashe murhunta ta dawo cin tukunyar matarsa. Ita kuwa ta ce muddin da gero a rumbunta ba za ta miƙa wa surukarta kwano ba. Suka tsaya a kan haka: ranar da aka ga rumbun ba zai kai ta sabon gero ba, ta sallama. Daminar da ta wuce ta yi gardama, kuma a shigata ta ƙarshe geron a gwiwata yake. Mutanen gida suna zaton yana ƙirji.

Ana cikin haka ni kuma na buɗe kamar kabewa. Mahaifiyata tana matsar man gyaɗa, ni na naɗa kaina ɗanɗana-ƙuli ba tare da kowa ya roƙe ni ba. In ci tuwo wajen kakata, in zaga wajen mahaifiyata da fuskar wanda bai karya ba, sannan in fita ƙofar gida ciyayya, inda samarin unguwa kowa yake fito da akushin gidansu a haɗu a ci. Gida bakwai ne, kuma ni ba na son a ce na raina girkin uwar kowa.

Wata safiya da bazara kakata ta ce in ɗebo mata gero. Na hau tsani, na zura ƙafafu, cinyoyi suka wuce da addu'a, tumbi ya ce nan ya ga wurin zama. Na yi ƙasa ya ƙi, na yi sama ya ƙi. Ƙafafuna suna lilo a cikin duhu, rabina na sama yana kallon duk garin, duk garin ma yana kallona. Na rantse har wani mai jaki da ke kan hanyar kasuwar Ajingi ya sauka ya gyara zama.

"Tsohuwa, rumbunki ya tsuke!" na yi ihu.

"Rumbuna ya girmi ubanka, bai taɓa tsukewa ba," in ji ta. "Maigida, kai ne ka cinye gadonka tun ina da rai."

Sai da aka tsiyaya rabin kwalbar man gyaɗa a ƙuguna, ƙarti biyu suka kama hammatana, sannan na fito da wata ƙara kamar an cire toshiyar tulu. Kafin azahar yara sun raɗa mini suna: Murfi.

Baffana bai yi dariya ba. Ya ce, "Iya, daga yau ɗana zai riƙa shiga." Ɗan nasa siriri ne kamar sillen kara, bakinsa kuma rariya. Abin da ya gani da safe, kafin hantsi uwarsa ta ji, kafin la'asar an ji a rijiya.

Kakata ta ce, "Ina da sussukakken gero a randa, zai kai ni wata biyu da 'yan kwanaki. Kafin ya ƙare mijina zai shiga."

"In bai shiga ba fa?"

"Sai ka turo naka."

Da suka watse ta sa na hau na auno bakin rumbun da igiyar kaba, ta yanke daidai, ta zagaya ta a cikina. Bakin igiyar biyu suka ƙi gaisawa, saura yatsu uku. Ta ce, "Ka ji dai abin da na faɗa a gaban mutane. In ka kunyata ni, na sake ka."

A makon ne yayana ya zo hutu daga kwalejin horon malamai, da farin wando da biro a aljihu. Ya ji labari, ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce abin ilimi ne, ba na igiya ba. Ya fito da wani littafi ya ce kowane abinci yana da wani ƙarfi a cikinsa da ake kira kalori, in ka ci fiye da abin da jikinka yake ƙonawa sai ragowar ta taru ta zama tumbi. Ya kwafe mini shafi guda a takarda, abinci a hagu, lamba a dama. Ya ce kullum in tara lambobin abin da na ci, kada in haye wata lamba da ya ja wa layi biyu.

Na duba takardar. Burodi. Tuffa. Cuku. Dankalin Turawa. Ƙwai. Man shanu.

"Yaya, ina tuwon dawa?"

Ya juya shafi, ya dawo da shi. "Ba su sa ba."

"Fura fa? Ƙuli-ƙuli? Ɗanwake?"

"Zan tambayi malaminmu in na koma."

Ya koma, ya bar ni da takarda da ƙwaƙwalwata, kuma nan aka samu matsala. Na zauna na yi nazari irin na manyan malamai. Waɗanda suka rubuta littafin nan sun ƙera jirgin sama. Da tuwo yana da kalori, da sun gani. Tunda ba su sa ba, babu.

Sai na shiga yaƙi. Na daina cin tuffa daga ranar. Na yi wa cuku saki uku. Burodi dama sai wanda ya je Kano yake ganinsa. Ƙwai kuwa ba a ba yara, wai kada su koyi sata. Man shanu ne kaɗai abin da na bari da gaske, sai na maye gurbinsa da man gyaɗa ninki biyu, tunda shi ba ya cikin takarda. Kullum da yamma in ciro fensir in rubuta sifili, in ji wani alfahari yana taso mini. Ina tafe ina tausayin jahilan da ba su san kalori ba.

Ranar da wata ya cika kakata ta kira ni ta zagaya igiya. Yatsu uku sun zama biyar.

"Igiyar ta bushe ne, ta ja jiki," na ce.

"Karanta mini abin da ka ci jiya a takardar nan."

"Sifili."

"Mene ne sifili?"

"Babu. Ba komai."

"To, wa ya cinye malmala uku a gabana? Aljani?"

Ta karɓi takardar, ta juya ta sama da ƙasa, ta miƙo mini. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ta buɗe randa ta nuna mini inda geron ya sauka. Ta ce, "Ni ban yi boko ba. Amma na yi kiwon tumaki shekara hamsin, ban taɓa ganin wadda ta yi ƙiba da abin da ba a zuba mata ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan akushi, wanda in kyanwa ta gani za ta nemi ƙari. Ta ce dokar ɗaya ce: sau uku a yini, abin da ya shiga akushin nan nawa ne, abin da bai shiga ba rabon sauran bayin Allah ne. Ko tuwo, ko ɗanwake, ko ƙuli, ba ruwanta da sunansa.

Rana ta farko na tula tuwo a ciki ya yi tsini kamar dalar gyaɗa. Ta sa mara ta share kan a tashi ɗaya. "Sai faifai ya zauna daram," in ji ta. Na gwada dannawa da tafin hannu don ya ci da yawa. Ta ce in na sake, za ta nemo wanda ya fi shi ƙanƙanta, kuma na san tana da shi.

Yunwar ba ta ba ni wahala kamar mutane ba. A wajen ciyayya na ajiye ɗan akushina a gefe, na ce daga yau ba na sa hannu a na kowa. Abokina na kusa ya dube shi ya ce, "Murfi, wannan na cin abinci ne ko na shan magani?" Wani ya ce na fara rowa. Wani ya kai wa uwarsa labari wai na ce miyarta ba ta da daɗi, sai da na je har gida na durƙusa na ba da haƙuri. Mahaifiyata ta tare ni a zaure tana taɓa wuyana. "Wa ya ce maka ƙiba cuta ce? Mutane za su ce ba a ba ka abinci a gidan nan." Matar baffana kuwa, wadda ba ta taɓa ba ni ko ƙanzo ba, sai ga ta kullum da ƙwaryar fura ta sha nono. "Ɗana, sha mana, ka rame." Ban ce da wata manufa ta yi ba. Na dai ce a rayuwata ban taɓa ganin fura mai kyan wannan ba, kuma na ce mata na ƙoshi, hawaye na neman zubo mini.

Duk wanda ya kira ni Murfi sai in ce, "Na'am. Ka zo ranar da zan shiga, ka zo da 'yan gidanku." Ban san daga ina taurin kan ya zo mini ba. Ina jin daga randar nan ne, don kullum ina ganin hannun tsohuwa yana ƙara nisa a cikinta.

Ruwa ya sauka, aka shiga shuka da noma, ina yini a duƙe da fartanya. Igiya ta dawo yatsu huɗu, ta yi kwana goma a uku kamar an kafe ta, har na ce a jefa akushin a rijiya. Sannan biyu. Ranar da aka kankare gindin randa, bakin igiyar biyu suka taɓa juna, in na riƙe numfashi.

Gidan duka ya fito. Baffana ya zo da ɗansa, har ya naɗe masa ƙafar wando. Mahaifiyata ta miƙo kwalbar mai, na ce a mayar, yadda na saba shiga haka zan shiga. Na hau, na zura ƙafafu, na fitar da duk iskar da na shaƙa tun haihuwata. Tumbi ya tsaya ya yi shawara. Na ɗaga hannuwa sama na murɗa, fatar ƙuguna ta bar wa rumbu tukwici, sai ji na yi tim, na dira.

Murnata ba ta daɗe ba. Gara ta riga ni shiga. Geron da na bari a gwiwa ya koma ɗan sama da idon sawu. Na tsaya cikin duhu ina jin muryar matar baffana daga waje: "To, ina ya kawo maka?"

Akwai wani itace da aka gitta a ciki don takawa a fito. Na haye shi, na leƙo da kaina har kafaɗa, na yi hamma. Na ce mata, "Inna, ba ki gan ni ba? A kan me kike zaton nake tsaye?" Allah ya yafe mini. Na koma na zaɓo zangarniyar da gara ba ta taɓa ba na miƙo. Da na sauko na sunkuya kamar ƙaya ta soke ni, na sosa idon sawuna. Kakata ta gani. Ta gyara goron da ke bakinta, ta dubi baffana ta ce, "Sai ka sauke wa yaron nan ƙafar wando, sanyi zai kama shi."

Har yau ba na cewa yayana ya yi ƙarya. Iliminsa gaskiya ne, littafin ne ba a rubuta shi da tukunyarmu a zuciya ba, ni kuma na cike gurbin da son zuciyata. Yanzu jikokina suna nuna mini waya mai ƙirga har lomar tuwo, na ce madalla, wanda zai iya ya yi. Ni dai na san kaina: duk lissafin da aka bar ni da shi ni kaɗai, sai na ci riba. Kwano kuwa ba ya jin lallashi. In likita ya ce in rage, ba na gardama, ƙaramin kwano nake nema, kuma wanda ya ga dama ya yi dariya.

Geron bai kai mu sabo ba. Ya ƙare saura kwana goma sha ɗaya a fara yanka na gonarta. Kwanakin nan rama da tafasa muka ci, da ɗan ƙulin da nake samowa wajen mahaifiyata, amma kullum da yamma sai ta hura wuta hayaƙi ya tashi kowa ya gani. Ba wanda ya sani sai ni. Ta ƙara shekara shida a duniya, kuma har ta koma ga Allah a murhunta take girki.