Waya Ɗaya, Gonaki Huɗu

Lokacin da na koyi aikin kwamfuta a Khartum, sai mun karanta abin da muka rubuta a takarda, layi bayan layi, kafin a bar mu mu taɓa injin. A Abijan kuwa na tarar da masu kunna shiri tukuna, su zauna su ga inda zai faɗi. Yanzu duka biyun manhaja ke yi. Wata tana karanta rubutun shirin ba tare da an kunna shi ba, wata kuma tana sa masa ido yana cikin aiki.

Bayan na dawo Talata Mafara, ɗiyar ƙanena ta rubuta wa manoman rani wani shiri mai aika wa kowa saƙo ta waya ranar da ruwa zai zo gonarsa. Wanda ya kuskure ranarsa sai zagaye na gaba, shinkafar da aka dasa kuwa ba ta jira. Ta zo mini ana jibi za a saki ruwa, lokacin da ya rage ba zai isa gwaji biyu ba.

"Baba, mai karantawar zan saka," in ji ta. "Ina zaune a ɗaki za ta gama."

"Ta san manoma?"

"Ta san kuskure."

"Kuskuren rubutu ta sani. Ni ina son in ga shirin nan yana magana da mutane."

Na san abin da ke ranta: gwajin da nake so sai an je gonakin wajen Maradun, hanyar kuwa ba a bin ta bayan la'asar.

Da safe muka tafi. Shugaban manoman ya tara mutane a bakin magudanar ruwa, aka daɗe ana gaisawa, ni ina duban rana. Ɗiyar ƙanena ta kunna shirin, manhaja mai sa idon tana nuna kowane saƙo da ya fita. Wayoyi suka fara ƙara. Wani dattijo daga Faru ya miƙo tasa.

"Malama, mi ya sa na ƙanena kaɗai ya shigo? Ko ruwan ma ya san ɗan gata?"

Aka yi dariya, ban da ita. Su huɗu ne 'yan gida ɗaya, kowa da gonarsa, wayar kuwa ɗaya ce. Shirin ya ɗauki lambar waya a matsayin mutum, duk wanda aka shigar daga baya sai ya goge na gabansa. Mai karantawa ba za ta ga laifin wannan ba, don rubutun a tsare yake.

"Irinku nawa ne?" na tambaya.

Shugaban ya ce, "Alhaji, a ƙarshen magudana wajen Bakura ai kusan kowa haka yake."

Ta zauna a kan buhun taki, kwamfutar a cinyarta, caji yana ja baya. Direbanmu ya zo ya tsaya a kanmu yana duban agogo. Azahar ta wuce, ta gama gyaran shirin, ta sake kunnawa. Wayar dattijon ta yi ƙara, ta sake, ta sake, ta sake. Ya kira 'yan'uwansa suka duba, kowa ya ga ranarsa.

Muka shiga mota ana kiran la'asar. Washegari aka saki ruwa, ya kai ƙarshen magudana ya tarar da masu gona a tsaye. Tun daga ranar, shirin da gona yake sanin manomi, ba da waya ba.