Anas Bai Kalli Alƙalai Ba

Shekara takwas ke nan da muka yi wa Injiniya Habibu salla a Haramin Madina muka kai shi makwancinsa. Na ɗauka zuwa yanzu zuciyata ta huce a kan abin da ya tafi da shi a ransa. Ina! Ba ta huce ba.

Ni mai harhaɗa magunguna ne, shi injiniyan na'urorin sanyaya wuri, dukanmu daga Kano, gidajenmu na kallon juna a unguwar Ƙurban ta Madina. A Rasha ya yi karatu, can ya kwaso wata jaraba da na sha yi masa tsiya a kanta: wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda mutum kan sa takalmi mai wuƙa a ƙasa ya yi ta juyi da tsalle, alƙalai na ba shi maki. Nakan ce masa, “Haba Injiniya, Bakano a Madina, rana na dafa ƙwai a kan mota, kai kana zancen ƙanƙara?” Sai ya yi dariya ya ce in bar shi da ciwonsa.

Da aka buɗe ɗan filin ƙanƙara a wani babban kanti, shi aka ba kula da injinansa. Nan ya ɗora ɗansa Anas, ya zama shi ne uba shi ne koci. Ban san komai a wasan ba, amma wallahi ranar da na fara ganin Anas ya tashi sama ya juya ya sauka a ƙafa ɗaya ba ƙara, sai da tsigar jikina ta tashi. Habibu bai cika damuwa da tsallen ba. Abin da yake nema shi ne natsuwa, yadda hannu zai bi kiɗa, yadda wuƙar za ta yanki ƙanƙara ba tare da ta kankare ta ba.

Damar ɗaya ce tak. An shirya gasar maza a wata ƙasar Larabawa ta maƙwabta, wanda ya zo na ɗaya za a kai shi Turai a horar da shi. Anas kuwa ya kusa shekarun da zai fita daga iƙamar mahaifinsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, dole ya nemi kafilin da zai tsaya masa da aikin albashi. In ya ci, ya zama ɗan wasa. In bai ci ba, an gama. Na ɗauki hutu na raka su.

Anas bai yi kuskure ko ɗaya ba. Wanda aka ba na ɗaya kuwa, da idona na ga ya dafa ƙasa da hannu. A makin tsalle Anas ne a gaba, amma a makin salo da burgewa aka zaftare shi har ya koma na biyu. Na tashi ina bambami, Habibu ya riƙe mini riga. Daga baya wata dattijuwa cikin alƙalan ta yi masa bayani cikin mutunci. Ta ce ɗanka gwani ne, amma tun da ya shiga har ya fita bai ɗaga ido ya dube mu ba, kamar mai neman afuwa.

To, wa ya koya masa haka? Mu. Tun yana rarrafe Habibu ke cewa ba a zuba wa babba ido, ni ma in ya gaishe ni ya sunkuyar da kai nakan sa masa albarka. Yaro ya ga manya jere a kan kujeru, har da mai furfura, sai ya yi musu abin da aka rene shi a kai. Ladabin da muke alfahari da shi, shi aka rubuta a matsayin rashin ƙwarin zuciya.

A jirgi Habibu ya ce mini, “Na koya masa komai, Malam Isa. Wannan ɗaya ce ban ga cewa aibu ce ba.” Bai sake taka ƙanƙara ba. Ba a yi shekara ba zuciyarsa ta tsaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wasan yau. Yanzu samari na juyi huɗu a sama, ana maimaita hoton saukarsu a hankali don kada a cuci kowa. Madalla. Amma makin salo yana nan inda yake, a zuciyar mai bayarwa, kuma babu na'urar da za ta gaya masa cewa akwai ƙasashen da sunkuyar da kai girmamawa ce. Shin zalunci aka yi mana? Na daɗe ina so in ce i. Dattijuwar nan ba ta yi ƙarya ba, ta bi ƙa'idarta. Sai dai ba da irinmu a zuciya aka rubuta ƙa'idar ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan a ce cin hanci aka karɓa.

Anas yana filin jirgi yanzu, yana tura keken tsofaffin alhazai. Filin ƙanƙarar an mai da shi wurin cin abinci. In na ɗauko zancen wasa sai ya ce, “Halas, ya Baffa, ya wuce,” ya canza magana. Na ta'azantar da kaina cewa ko ba komai tarbiyyar Habibu tana nan, ita ba mai ƙwace ta.

Juma'ar da ta wuce ya kawo mini iyalinsa. 'Yarsa ƙarama ta durƙusa ta gaishe ni, kanta a ƙasa, har na buɗe baki zan sa mata albarka. Sai Anas ya sa yatsa a haɓarta ya ɗago fuskarta, ya ce mata da Larabci, sannan ya maimaita da Hausa don in ji: “Ɗaga kanki. In kina magana da mutum, ki dube shi cikin ido, ko wane ne.”

Yarinyar ta zuba mini ido. Ni ne na sunkuyar da kai.