Kindirmon da aka tace wa Madan

Jikata ta kawo mini wani abu a kofi, nan gidanmu na Arlit: yawur ne, kindirmon kanti na leda, ta yanka lemo da ayaba a ciki, ta sa a firijo ya yi sanyi. Ta ce sabon salo ne, ba ya buƙatar wuta, kuma ba ya nauyi a ciki. Na ce mata na san shi tun garin nan ba shi da ko katanga ɗaya, sai duwatsu da ƙadangaru.

Lokacin ina sabon mushe, wato malamin makarantar boko, an turo ni daga Damagaram zuwa wata ƙaramar lakwal ta ƴaƴan makiyaya cikin tsaunukan Abzin. Ƙarshen mulkin Nasara ne, ko da yake mu ba mu sani ba, su ma ba su nuna alamar sun sani ba. Aikina shi ne in koya wa yara sunayen kogunan Faransa a bakin wata ƙorama da ba ta ganin ruwa sai damina ta ga dama.

Wadda ke dafa wa yaran abinci wata dattijuwa ce ƴar tsaunin, mijinta ya rasu, kowa Inna yake ce mata. Ita ke tatsar awakin lakwal. Nata na kanta kuwa saniya ɗaya ce ja, ragowar garken da fari ya cinye. A shekarar saniyar ta haifi maraƙa mace, Inna ta riƙa kallonta kamar yadda mai lambu ke kallon sabuwar rijiya, don daga ita take sa ran garken zai dawo. Ƙa'idar makiyayan wurin ba ta da wuya: nono huɗu saniya ke da shi, a tatsi biyu don gida, a bar wa maraƙi biyu. Ko baƙo ya sauka, daga biyun gida ake ba shi.

Da bazara wasu Nasara suka kafa tantuna a ƙasan kwarin. Duwatsu suke nema, suna yawo da wani akwati mai ƙara kamar gyare, su kara shi a jikin dutse su saurara. Babbansu ya zo da matarsa. Zafi ya hana Madan cin abinci, likitansu ya ce ta riƙa cin abu maras nauyi. Ta ɗanɗana kindirmon awaki ta ce yana da ƙarni. Ta ɗanɗana na saniyar Inna, ta ce ya tuna mata da gida. A duk shanun kwarin kuwa saniyar Inna kaɗai ke da nono a wannan lokaci.

Sai ga gardi, dogarin Nasara, da saƙon kumandan mai mulkin yankin cewa a taimaki baƙi da duk abin da suke buƙata. Ba a ambaci saniya ba. Saƙonnin kumandan ba sa ambatar komai, gardi ne ke fassara su, da bulala a hannu.

Da yake ni ke jin Faransanci, Madan ta gayyace ni in ga yadda ake yi, a matsayin karramawa. Kada in yi mata ƙazafi, mace ce mai fara'a, har kujera ta ba ni. Ta juye ƙwaryar kindirmo cikin farin ƙyalle, ta ƙulle, ta rataye a reshen ƙirya. Ruwan ya yi ta ɗiga cikin yashi, sai da abin da ya rage bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Ta ɓare lemon lambunan kwarin, ta cire farin, ta cire har ƴar fatar da ke tsakanin ɓari da ɓari. Ta fasa rumman cikin ruwa don ƴaƴan su nutse, ɓawon ya taso. Ta cire ƙwallon dabino ta yanka shi ƙanana. Sai ta jera a kofunan gilas: kindirmo, lemo, kindirmo, rumman, dabino a sama da ɗigon zuma, ta sa cikin firijo mai aiki da kananzir. Na ci. Gaskiya ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba, kuma har yau ina jin haushin hakan.

Ta ce abin alfaharinsa shi ne, ka ci ka tashi kamar ba ka ci komai ba. A kwarin nan mutane sun shekara suna cin abinci suna tashi kamar ba su ci komai ba, babu wanda ya koya musu.

Matsalar ita ce ƙyallen. Dunƙule biyu ba ya isar teburin mutanen tanti, don yanzu duka sun koyi ci. Aka ce Inna ta ninka. Na koma da Faransancina mafi kyau, na bayyana wa Madan batun nono biyu da biyu. Ta saurara da sha'awa, ta ce al'ada ce mai ban tausayi, ta ce ai ita ɗan kaɗan take so, ta nuna mini kofin da yatsa. Kofin kuwa ƙarami ne, ba ta yi ƙarya ba. Ta ƙara wa Inna sukari da shayi a madadi. Maraƙa ba ta shan shayi.

Na roƙi a riƙa tara mana ruwan da ke ɗiga. Ta yarda nan take, ta yi mamakin akwai mai so. Ni nake ɗauko shi a gwangwani, Inna ta dama da dusa ta ɗura wa maraƙar. Ta gwada haɗawa da nonon awaki a ƙwaryar Madan, amma harshen Madan ya gane, gardi ya sake zuwa. Na ce wa Inna mu rage na yaran lakwal mu ba maraƙar.

"Wannan amanar iyayensu ne, Mushe," in ji ta. "Nawa ne aka nema."

Maraƙar ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, ta daina bin uwarta, sannan wata safiya ba ta tashi ba. Saniya kuwa in ba ta ga ɗanta ba, riƙe nono take yi. Na ɗauka ƙarshen abin ke nan, har na ji wani mugun sanyi a raina. Amma gardi bai daina zuwa ba. Inna ta feɗe maraƙar, ta cusa wa fatar ciyawa, ta ɗinke, ta tsayar da ita kan sanduna huɗu, ta shafa mata gishiri a baya, kamar yadda makiyaya ke yi. Saniyar ta zo ta shinshina, ta fara lasa, nono ya sauko. Inna ta durƙusa ta tatsa, duka huɗun.

Madan ta ji labari ta hau kwarin da abin ɗaukar hoto. Ta ce in gaya wa Inna wannan dabara ta burge ta. Na gaya mata. Inna ba ta ɗaga kai daga ƙwaryar ba.

"Ka ce mata yanzu ta sha duka. Babu mai jira."

Na fassara rabin farko.

Kafin damina suka naɗe tantunansu, don akwatin ya fi yin ƙara a arewa, wajen da aka gina garin nan daga baya. Saniyar ta ƙafe, ba ta sake haihuwa ba. Madan ta bar wa Inna farin ƙyallen kyauta. Da shi ta riƙa ɗaure bakin tulu.

Jikata tana tsaye tana jira in ce ya yi daɗi. Na ce ya yi, na tambaye ta ko ta san saniyar. Ta ce na madarar gari ne, Kaka, daga gwangwani ake dama shi.