Taurari Biyu a Gurbin Rijiya

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, ni da direba da wani abokin aikina mai kula da ginin rijiyoyi. Shi aiki ne ya kai shi Illela. Ni kuwa cewa na yi ina son ganin ƙasa, amma gaskiya wata takarda ce a aljihuna ta hana ni sakat.

Bari in gaya muku aikina, don har yau gyatumata ta ɗauka ni makanike ne. Bayan samun 'yancin kai aka tura mu koyon injin lissafi, wanda ake yi wa magana da katuna masu huji cikin wani harshe da ake kira Fotran. Injin nan ba ya buga komai sai ka tsara masa: suna zai ci gurbi kaza a layi, lamba gurbi kaza. Bara aka kawo mini awon zurfin rijiyoyin ƙasar Illela, don a fara kai siminti da magina inda ruwa ya fi nisa. Na ware wa suna gurbi goma sha biyar, zurfi kuma gurbi biyu, domin a garinmu ban taɓa ganin rijiyar da ta kai ƙafa ɗari ba. To shi injin, idan lamba ta fi gurbinta girma ba ya gardama, taurari kawai yake bugawa a wurin. Wani ƙauye na gefen Lafani ya fito da taurari biyu. Wanda ya karanta ya ɗauka awon ne ya lalace, ya tsallake shi. Sai watan jiya na gano.

A Funtuwa muka karya da koko da ƙosai na kwabo biyu. Direba ya sha kofi uku yana ta kushe kokon. Muka wuce Gusau rana na dukan mota, muka kwana Sakkwato. Washegari muka bi ta Gwadabawa, hanya duk burji da yashi, har haƙorana suka gaji da haɗuwa.

Illela gari ne mai kai da kawowa. Ga raƙuma da lodin kanwa, ga albasa tsibi-tsibi, ga masu canji a kan tabarma riƙe da sefa, kuɗin Nijar, kowa na kiranka ko ba ka da niyyar tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni. Na sayi furar taro, wato ta kwabo uku. Fura ce mai kyau, amma ban iya shanyewa ba.

Yashi ya riƙe motarmu kafin ƙauyen nan mai taurari biyu, muka ƙarasa da ƙafa. Muka yi ta wuce mata da jakuna ɗauke da tuluna, sun fito tun safe, ga azahar ta yi. A tsakiyar gari na ga rijiyar, an rufe bakinta da itace da ƙaya.

Mai garin dattijo ne siriri. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa a ƙwarya, rabinta. Bayan gaisuwa ya dubi abokin aikina.

"Mi yah hana ku zowa bara? Mun ji kun gina ma mutanen Araba. Mu gaba ashirin munka auna, munka ba malamin da yaz zo."

Ya ce da suka gaji da jira, ruwa kuma ya ƙafe, sai ɗansa Garba ya shiga ya ƙara mata zurfi da hannu. Ba siminti a jikinta. Ƙasa ta rufto masa. Kwana biyu suna tono kafin su fito da gawarsa.

Abokin aikina ya fara cewa ai takardu ne suka yi jinkiri. Da na yi shiru, da maganar ta wuce a haka. Na fito da takardar, na nuna wa dattijon taurarin, na ce, "Baba, ni ne. Wurin da na bar wa zurfin rijiyarku bai ishe shi ba. Gurbi ɗaya ya rage."

Ya karɓa, ya daɗe yana kallo, ko da yake ba ya karatun boko. Ya aza yatsa a wurin.

"Ɗan wannan wuri?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba."

Ya miƙo mini takardar. "Kwana nai ya ƙare, ɗana. Sha ruwa, ka taho da nisa."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na sha ruwan ina hawaye, ina sane da nisan da aka yi kafin a ɗebo shi.

Ranar da na isa Kaduna na huda sabon kati, na mai da gurbin zurfi daga biyu zuwa uku. Ko minti ɗaya aikin bai ci ba. Injin ya buga ƙafa ɗari da ashirin, wato gaba ashirin ɗin nan, ƙauyen ya hau saman jerin waɗanda za a gina wa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kada in sake auna ƙasar wasu da rijiyar garinmu, kuma duk inda taurari suka fito, in tashi in je in tambaya, don akwai mutane a wurin. An ce magina za su isa kafin damina. Matar Garba kuwa ta riga ta kwashe 'ya'yanta ta koma wurin iyayenta a Ƙwanni. Ta ce ko an gina, ba za ta iya shan ruwan rijiyar nan ba.