Jan Layin Mai Ƙofa

A shekarar 1971 na fara sanin Mai Ƙofa, ranar wata Asabar a watan Maris. Ina koyarwa a makarantar mishan a lokacin, hedimasta ya aike ni gidan silima in duba ko yaranmu na satar shiga nunin ƙarfe huɗu. Na tarar da shi, dogon mutum mai tsaron ƙofar silimar, a kan kujerar ƙarfe, yana ta jujjuya wata takarda.

"Malam, karanta mini wannan, idona ya gaji," in ji shi.

Daga baya na gane bai taɓa shiga aji ba. Takardar ta hukuma ce: duk fim mai jan tambari, kada a bar wanda bai cika shekara goma sha takwas ba ya shiga.

"To, wa ke yawo da shekarunsa a aljihu?" ya tambaye ni.

Sai ya nemo amsar da kansa. Ya kirawo ɗansa na fari, wanda ya cika sha takwas a watan, ya tsayar da shi jikin ƙyaure, ya ja layi da jan fenti daidai kansa, ya ce wanda bai kai layin ba ba zai shiga ba. Na auna: ƙafa biyar da inci tara.

Samari suka shiga dabara. Wani ya cusa jarida a takalmi, wani ya aro doguwar hula.

"Cire hular, ɗan nema! Kai nake aunawa, ba ita ba."

Wanda bai kai ba, sai ya dafa kansa ya ce ya dawo Lahadi, akwai fim na dariya. Bai taɓa ɗaga wa yaro hannu ba.

Ina da ƙane tela, gajere kamar mahaifiyarmu, ɗan shekara ashirin da shida. Sati biyu da aurensa ya kawo matarsa kallo, ita kuwa doguwa ce. Mai Ƙofa ya dube su, ya dubi layi.

"Ke wuce, 'yata. Ƙanenki ya jira ki a waje."

"Baba, mijina ne fa!"

"Ko kakanki ne, bai kai ba."

Masu jira suka fashe da dariya. Kafin gari ya waye ƙanena ya sami sabon suna: Bai Kai Ba. Samari na wucewa ta shagonsa suna kira. Ya mayar da keken ɗinkinsa can ƙurya, ya daina haɗa hanya da matarsa, har ya soma zancen barin gari.

Na je wa Mai Ƙofa a fusace. Ya saurare ni har na gama, ya sunkuyar da kai.

"Malam, yarona ni ya biyo a tsawo. Ko kusa ban kawo wannan a raina ba."

A gabana ya kankare layin da wuƙa. Daga ranar ya koma tambayar yaro gidansu da ajinsu, ga shi ya san kowa a unguwa. Amma bai je ya ba ƙanena haƙuri ba, kuma na daɗe ina riƙe da shi a kan haka. Sunan dai ya mutu cikin wata biyu. Muka ɗauka gajiya mutane suka yi. Ƙanena ya fito da kekensa bakin ƙofa.

Mai Ƙofa ya rasu a 1989. A wajen gaisuwa, ina zaune kusa da ƙanena, wani direban bas mai furfura ya matso yana murmushi.

"Maigida tela, ka san wahalar da muka sha saboda kai? Duk wanda Baba ya ji ya faɗi sunan nan, ba shi ba silima, sai ya je shagonka ya durƙusa ya gaishe ka. Ni sau biyu na je. Ya ce kuma idan muka faɗa maka dalili, sai mun shekara ba mu shiga ba."

Ƙanena ya murza bakin rigarsa.

"Ni kuwa Yaya," in ji shi, "na ɗauka yaran waccan shekarar ne kawai suke da ladabi."